Ƙararrawar da ke raba aji gida biyu: nazarin zango ɗaya a wata sakandare a Jos

Ina koyar da darasin addinin Musulunci a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a Jos ta Arewa. Ba zan ambaci sunanta ba, haka ma yaran da iyayensu. Abin da mai karatu ke bukatar sani shi ne makarantar tana bakin iyaka. Ta babbar ƙofa yara ke gangarowa daga unguwar da kusan kowa Musulmi ne, ta baya kuma akwai 'yar hanyar ƙafa da ke ɓullewa unguwar Kiristoci. Makarantun da yaran ɓangarorin biyu ke zama a benci ɗaya sun yi ƙaranci a garin nan. Lamarin ya faru ne a zangon da ya biyo bayan tashin hankalin Agustan 2021, kuma ya shafi yara biyu 'yan aji biyar: ɗaya ɗalibina, ɗaya ɗalibin abokiyar aikina mai koyar da addinin Kirista, wadda duk muke kira Madam.

Garin da yaran suka buɗe ido suka gani

Haƙar kuza ce ta tara mutane a Jos tun farkon ƙarni na 20. Birom da Afizere da Anaguta suna nan, Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa suka zo, aka zauna ƙofa da ƙofa, har aka yi auratayya. Gardamar wa ke da gari ta ƙara zafi bayan gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991. An taɓa yamutsi a Afrilun 1994, amma ranar da garin ya sauya ita ce Juma'a, 7 ga Satumba, 2001. Cikin kwana shida an rasa rayuka kusan 1,000, a ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch. A ƙarshen Nuwamban 2008 zaɓen ƙaramar hukuma ya jawo wani rikicin da ya ci aƙalla mutum 700. Sai 2010, shekarar Kuru Karama da Dogo Nahawa da bama-baman jajibirin Kirsimeti, sai bam ɗin kasuwar Taminus a Mayun 2014.

Duk rikicin da aka yi, ƙaura ce ke biyo baya. Kiristan da ke Unguwar Rogo ko Gangare ya sayar da gidansa ko ya yi musanya, Musulmin da ke Jenta ko Kabong shi ma haka. Makarantu suka bi sawun gidaje. Uwa ba za ta tura ɗanta inda sai ya ratsa unguwar da take tsoro ba, kuma ban ga laifinta ba. Makarantun kuɗi suka yi ta tsirowa, kowace da jama'arta. Yaron da aka haifa bayan 2001 yana iya gama sakandare bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

Kada kuma a ce ƙarancin karatun addini ne ke damun Jos. A nan Sheikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a 1978, a nan hedikwatar COCIN da ta ECWA suke. Yaranmu na zuwa Islamiyya da yamma, na maƙwabtanmu na zuwa makarantar Lahadi. Kowa ya san nasa daidai gwargwado. Abin da ya sani game da addinin ɗaya ɓangaren ne ya ɗauko daga bakin wanda shi ma bai taɓa zama da su ba.

Yaran biyu

Ɗalibina maraya ne. Mahaifinsa ya fita neman abinci ranar da rikicin 2008 ya ɓarke, gawarsa aka kawo. Yana da shekara uku lokacin. Yaro ne mai ƙoƙari, mai kunya, yana da haddar izu mai yawa. Ranar 14 ga Agusta, 2021, aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba suna dawowa daga zikirin sabuwar shekara a Bauchi, aka kashe fiye da 20. Kwana goma bayan haka aka afka wa Yelwa Zangam aka kashe fiye da 30. Kafin su duka an yi ta kai hari ƙauyukan Irigwe a Bassa. Aka sa dokar hana fita. Yara suka zauna a gida, waya a hannu, bidiyon gawawwaki na yawo a WhatsApp, wasu na Jos, wasu ma ba na Najeriya ba.

Da aka koma makaranta, yaron da ya dawo mini wani ne daban. Ya bar bencinsa ya koma inda duk Musulmi ne. Ya daina gaida Madam. Ya hana 'yan aji ɗaya sayen ƙosai wurin matar da ke soyawa a ƙofar baya, wadda ta fi shekara goma a wurin. Kalmar "arna" ta zauna a bakinsa. Da na kira shi ofis na yi masa nasiha, ya sunkuyar da kai har na gama, sannan ya ce, "Malam, ku albashi ne ya rufe muku baki. Mu ne ake kashewa." Na gano cewa wani ɗan baffansa yana cikin samarin da ke kwana a bakin layi da sunan gadin unguwa, kuma yaron ya fara raka su.

Ɗalibin Madam kuwa danginsa na wajen Miango, an ƙone gidan kawunsa, an kashe mutum biyu a zuri'arsu. Shi ma ya dawo da nasa. Duk Bafulatani ɗan ta'adda ne a wurinsa, duk Bahaushe kuma Bafulatani ne. Wata Alhamis a filin ƙwallo suka yi karo, magana ta yi tsami, aka kaure. Da aka binciki jakunkuna sai ga wuƙa a ta ɗalibina, ga guntun rodi a ta ɗayan.

Ba ɗan wata ƙungiya ba ne ko ɗaya cikinsu. Amma duk wanda ya san yadda tsattsauran ra'ayi ke kama matashi ya san daga nan ake farawa: ciwo na gaske, da labarin da ke cewa duk mutanen can ne suka yi maka, da 'yan'uwan da ke ba ka gurbi da makami. Shugaban makaranta ya so a kore su, kuma doka na tare da shi. Ni da Madam muka roƙa a ba mu zango ɗaya. Hujjarmu ita ce yaron da aka kora daga makaranta a Jos ba gida yake komawa ba, 'yan sara-suka da masu ƙwaya na jiransa a bakin hanya.

Ƙararrawa

Shekaru ina ganin wani abu ban taɓa kula da shi ba sai a wannan lokacin. Yara na zaune tare a darasin lissafi da Turanci da kimiyya. Da an kaɗa ƙararrawar darasin addini, sai aji ya dare biyu, Musulmi su biyo ni, Kiristoci su bi Madam, a rufe ƙofa. Babu wanda ya san me ake faɗa a ɗaya ɗakin, kowa sai ya cike gurbin da zato.

Wannan rabuwa tana da dalili, kuma ba na neman a soke ta. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatu ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Mun kuma ga ƙurar da ta tashi lokacin da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta haɗa darussan addinan biyu da na zaman ƙasa ƙarƙashin inuwa ɗaya a ƙananan azuzuwa, har gwamnati ta ba da umarnin a raba su a 2017. A ƙasar nan, da an ce a haɗa addinai a aji, uba na jin za a juya masa ɗa ne. Duk abin da za mu yi sai ya bi ta gefen wannan tsoro.

Yunƙurinmu na farko kuskure ne, kuma ni na kawo shawarar. Muka haɗa ajin gaba ɗaya, muka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa game da addinin ɗan'uwansa. Ba a yi minti goma sha biyar ba zance ya koma Allah uku ne ko ɗaya, an gicciye Annabi Isa ko ba a gicciye shi ba, da takobi aka yaɗa Musulunci ko da wa'azi. Yaran sun haddace salon masu muhawarar intanet, kowa na neman ya kayar da wani a tafa masa. Wata yarinya ta fita tana kuka. Washegari iyaye suka cika ofishin shugaba.

Cikinsu har da baffan ɗalibina, dattijo mai sayar da hatsi. Ya ce mini, "Malam, amana muka ba ka. Mun kawo shi ka koya masa addininsa, sai mu ji ka zaunar da shi ana yi masa bushara?" Na ce, "Baba, kuskure na yi, ba kuma zan sake ba. Amma wuƙa aka samu a jakarsa. Ku ba ni dama in koya masa abin da Alƙur'ani ya ce game da maƙwabci, ni da bakina, a ɗakinmu." Ya yi shiru can, ya ce in ya ji an kai yaron coci ko an sa shi addu'a da su, zai cire shi ranar. Na ce ya riƙe ni da wannan. Madam ma ta yi wa nata iyayen irin wannan alkawari game da masallaci.

Abin da muka koma yi

Muka ajiye akwatin kwali a bakin ofishin malamai. Duk mai tambaya game da addinin ɗaya ɓangaren ya rubuta ba suna ya jefa. Tambayoyin Kiristoci su zo mini in rubuta amsa a taƙaice, Madam ta karanta wa nata a ɗakinta. Na Musulmi su je mata, ni in karanta wa nawa. Sharaɗi ɗaya muka sa: bayani kawai, me mutane suka yi imani da shi, me suke yi, ba wane ne ke da gaskiya ba.

Tambayoyin sun girgiza ni. Wani ya tambaya ko da gaske ne a huɗubar Juma'a ake sanar da ranar da za a kai hari. Wata ta tambaya ko da gaske Kiristoci ba sa wanka bayan sun sadu da iyali, kuma ba sa azumi. Wani ɗalibina bai yarda ba da na gaya masa cewa a majami'un da ke sujada da Hausa, Allah suke kira, da Ubangiji, kuma Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932. Shi a zatonsa Turanci kaɗai ake yi a coci. Yaron da aka haifa cikin Jos ke nan, tsakanin gidansu da majami'a mafi kusa bai kai tafiyar minti goma ba.

A ɗakina na koma kan nassin da yaran suka haddace amma ba a tsaya musu a kansa ba. Aya ta 13 a Suratul Hujurat, inda Allah ya ce ya sanya mu dangogi da ƙabilu domin mu san juna. Aya ta 8 a Mumtahana, wadda ta ce Allah bai hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe ku saboda addini ba. Hijirar sahabbai zuwa Habasha wurin Najashi, sarki Kirista. Hadisin da ke cikin Bukhari, inda aka wuce da gawar Bayahude Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko ta wane ce ya nuna cewa ai rai ce. Ɗalibina ya yi mini gardama sosai, ya kawo ayoyin yaƙi. Na ji daɗin haka, domin gara ya kawo su gabana mu buɗe tafsiri mu ga yaushe suka sauka, kan wa, kuma wa ke da ikon shelanta yaƙi, da ya kai su wurin wani mai magana a bidiyo. Madam tana can da misalin Basamariye a Luka sura 10, da Romawa 12, inda aka hana ramuwa.

Wannan tsari na kowa ya riƙe nasa daga Dadin Kowa muka koya. Unguwa ce mai Musulmi da Kirista a kudancin gari da ta tsira daga kashe-kashen da aka yi a kewayenta. Mai bincike Jana Krause ta nuna cewa dattawa da malaman addini da mata ne suka tsaya, kowane ɓangare yana tsawata wa samarinsa. Maganar da yaro zai ɗauka daga malaminsa, in ta fito daga bakin na ɗaya ɓangaren, tsokana zai ji.

Sau ɗaya tak muka sake haɗa su don labari, mu biyu a tsaye gaban allo. Madam ce ta ba da labarin Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a ranar 23 ga Yuni, 2018, ya ɓoye mutum 262, galibi Kiristoci, a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su ga maharan. Shi da kansa ya tuna cewa Kiristocin yankin ne suka ba da filin da aka gina masallacin shekaru da yawa kafin haka. Ni kuma na ba da na Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannu a rikicin 1992, daga baya ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa malaminsa da 'yan'uwa a rikicin. Muka ba su aikin gida: kowa ya tambayi wani babba a gidansu ko wani daga ɗaya ɓangaren ya taɓa yi musu rana. Da yawa sun dawo da labarai, na maƙwabciyar da ta ba da hijabi aka fitar da wata, na direban da ya juya mota. Ɗalibina ya miƙo takarda fara. Ya ce, "Mu babu wanda ya taimake mu." Madam ta karɓa ta ce, "Na ji, ɗana. Allah ya ji ƙan babanka." Ba ta ƙara komai ba, kuma ina ganin ta yi daidai.

Benci

Abin da ya fi tasiri bai ma shafi darasin addini ba. Muka roƙi malaman kimiyya da na aikin gona su daina barin yara su zaɓi abokan aiki. Su raba su bibbiyu ko hurhuɗu a gauraye, maki ɗaya ga rukuni, har ƙarshen zango.

Akwai binciken da ya ƙarfafa mini gwiwa kan haka, kuma a Kaduna aka yi shi. Alexandra Scacco da Shana Warren sun bi matasa maza 849, Musulmi da Kirista. An koya wa wasunsu kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya, ba tare da an yi musu wa'azin zaman lafiya ba. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna cewa ra'ayin matasan game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba. Amma da aka zo gwajin rabon kuɗi, 'yan aji gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya rage nuna bambanci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda bambancin ya fito: 'yan ajin addini ɗaya sun fi nuna wariya ko da an gwada su da waɗanda ba su shiga ajin ba sam. Wato zama da naka kaɗai yana ƙara maka fifita naka. In haka ne, makarantun da muka yi ta rabawa shekara ashirin a Jos suna koyar da wani darasi da ba ya cikin manhaja.

Ba mu haɗa yaran da suka yi faɗa ba, da mun yi ganganci. Ɗalibina ya faɗa rukuni ɗaya da wani yaro Kirista mai ƙwazon lissafi. Makon farko ba sa magana sai dole. Amma jarrabawar WAEC na tafe, kuma ɗalibina na son karatun injiniya. Kafin tsakiyar zango na gan su lokacin tara a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, littafi ɗaya a tsakaninsu. Daga baya suka yi musayar lambar waya. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Malam, shi daban ne." Sauran suna nan a wurinsa yadda suke. Abin da aka gani a Kaduna shi na gani da idona.

Wata Talata jita-jita ta tashi cewa an fara a cikin gari. Duk ɗan Jos ya san irin wannan rana: 'yan kasuwa na ja da ƙofa, masu keke na juyawa, iyaye na gudu zuwa makarantu. Abokin nasa bai zo makaranta ranar ba, an aike shi kasuwa. Ɗalibina ya ari wayata, don an hana su zuwa da nasu, ya buga masa ya ce kada ya biyo ta Titin Bauchi, ya zaga. Jita-jitar ta zama ƙarya. A daren ranar kuma wani malami ya nuna mini abin da yaron ya ɗora a Facebook, magana mai zafi kan "su". Duka biyun shi ne, a rana ɗaya.

Inda aka tsaya

Bai sake zuwa da wuƙa ba. Baffansa ya ce ya daina kwana a bakin layi, ko da yake ina jin karatun jarrabawa ya taimaka. Ya koma gaida Madam. Ya gama makaranta da sakamako mai kyau. Da ya zo neman gurbin karatu, sai maganar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ta taso, wadda Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos kan sha wuya kafin ya samu. Ya zo mini da fom ɗin a hannu ya ce, "Malam, wace aya ce ta yi maganar wannan?" Ban da amsar da zan ba shi. Kwamitocin bincike sun zauna bayan rikice-rikicen nan, na Niki Tobi bayan 2001, na Bola Ajibola bayan 2008, amma shi bai taɓa jin an kama wanda ya kashe ubansa ba. Yaron Miango ma haka. Wannan ya fi ƙarfin malamin aji.

Ɗalibin Madam bai ƙarasa zangon da mu ba. Iyayensa suka mayar da shi wata makaranta a unguwarsu, suka ce hankalinsu ya fi kwanciya. Madam ta je gidan sau biyu, ba su sauya ba. Har yau tana ambatonsa.

Akwatin kwalin na nan, mun sauya shi sau uku saboda damina. Malaman kimiyya sun ci gaba da gauraya rukuni, sai dai abin na ƙara wuya. A bana, sababbin 'yan aji ɗaya da suka shigo ta ƙofar baya ba su cika benci biyu ba.